9.11 da 9.9: Wai wanne ya fi girma, kuma me ya sa ake ta faɗa wa tarkon?

Tsakanin 9.11 da 9.9 wanne ya fi girma? Tambayar nan tun watan Yulin 2024 take yawo a intanet, kuma har yau duk sanda aka sake jefo ta sai ka ga an rabu gida biyu kowa yana rantsuwa shi ne daidai. Abin ya taso ne daga wata gasar waƙa ta talabijin a ƙasar Sin, aka fito da sakamakon ƙuri'u wani mawaƙi ya samu kashi 13.8 wata mawaƙiya ta samu kashi 13.11, aka sa mai 13.8 a sama, sai wasu masu kallo suka ce ina, ai ba ta saɓu ba, ya za a yi takwas ta fi sha ɗaya? Daga nan mutane suka fara yi wa manhajojin AI irin su ChatGPT tambaya mai kama da ita, wato 9.11 da 9.9, kuma abin mamaki da yawa daga cikinsu suka amsa da cewa 9.11 ce babba.

To 9.9 ce babba, kuma ba da ɗan kaɗan ba, ta ba ta ratar 0.79. Haka ita ma 13.8 ta fi 13.11 da 0.69. Amma ni ba amsar ce ta fi damuna ba, abin da ya fi damuna shi ne dalilin da ya sa mutum mai hankali wanda ya yi makaranta zai kalli lambobin nan biyu ya ji a ransa cewa 9.11 ce gaba, don wannan ba rashin ƙoƙari ba ne, akwai wani abu da aka koya masa rabi aka bar rabi.

Me ɗigon nan yake nufi tukuna?

Duk lambar da muke rubutawa, darajar kowane adadi a cikinta tana zuwa ne daga gidan da yake zaune. A 345, ukun nan ba uku ba ce ɗari uku ce, huɗun kuma arba'in ce, biyar ɗin ce kaɗai biyar. Ka lura duk sanda ka matsa gida ɗaya zuwa dama darajar gidan tana raguwa ninki goma, daga ɗari ka sauko goma, daga goma ka sauko ɗaya. To idan ka zo kan ɗaya fa, nan za a tsaya? A'a, tsarin ci gaba yake yi, ka raba ɗayan gida goma ka samu ɗaya bisa goma, ka sake raba wannan gida goma ka samu ɗaya bisa ɗari, ka sake rabawa ka samu ɗaya bisa dubu, haka dai ba iyaka. Aikin ɗigon kawai ya nuna maka inda cikakkiyar lamba ta ƙare, guntaye suka fara. Ba katanga ba ce da ta raba lambobi biyu masu zaman kansu, lamba ɗaya ce daga farko har ƙarshe.

Don haka 9.9 tana nufin tara, da guntaye tara na gidan bisa goma. Ita kuwa 9.11 tana nufin tara, da guntu ɗaya na gidan bisa goma, da wani ɗan ƙaramin guntu ɗaya na gidan bisa ɗari. A 9.11 babu sha ɗaya a gidan da taran bayan ɗigon 9.9 take zaune, ɗaya ce a wajen, kuma tara ta fi ɗaya.

Idan kana so ka gani da idonka ɗauko tef ɗin awo. Mita ɗaya santimita 100 ce. Ja tef ɗin har mita 9, sannan ka ƙara santimita 11, ka sa yatsa a wajen, nan ne 9.11, ɗan taku kaɗan ka yi daga mita 9 ɗin. Yanzu nemo 9.9, sai ka ga sai ka ci gaba da jan tef har santimita 90, saura santimita 10 kacal ka taɓa mita 10. Ɗaya tana bakin farawa ɗaya tana dab da ƙarewa, shi ke nan fa.

Daga ina kuskuren yake shigowa?

Na farko dai daga baki. Yawancinmu idan muka ga 9.11 cewa muke "tara ɗigo sha ɗaya", kuma da zarar kunne ya ji sha ɗaya an gama da shi, don tun yana yaro ya san sha ɗaya ta fi tara. Karatun da ya dace shi ne "tara ɗigo ɗaya ɗaya", a kira adadin bayan ɗigo ɗaiɗai da ɗaiɗai. Wasu za su ce wannan ai ƙaramin abu ne, to ni dai a ganina rabin matsalar daga nan take.

Na biyu, yaro yana shafe shekaru yana aiki da cikakkun lambobi kafin a kawo masa ɗigo, kuma a duk shekarun nan akwai wata doka da ba ta taɓa ba shi kunya ba, wato lambar da ta fi tsawo ita ce ta fi girma, 100 ta fi 99, 1000 ta fi 999. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa dokar, shi ya gano ta da kansa kuma gaskiya ce a inda ya gano ta. Ranar da aka kawo ɗigo ba a ce masa dokar nan ta daina aiki a ɓangaren dama ba, sai ya tsallako da ita.

Na uku kuma, wanda ya sa masu cewa 9.11 ce gaba suke da ɗan abin kamawa, shi ne akwai wurare da yawa da ake sa ɗigo a tsakanin lambobi amma ba lissafin guntaye ake yi ba. Manhajar wayarka idan tana kan siga ta 9.9 aka sabunta ta sau biyu za ta koma 9.10 sannan 9.11, a nan kam 9.11 ce sabuwa. A littafi sashe na 9.11 yana zuwa ne bayan sashe na 9.9, don ana nufin babi na 9 sashe na 11. Masu rubuta lokaci da ɗigo su ma 9.11 a wajensu ƙarfe tara da minti sha ɗaya ne. A duk waɗannan ɗigon raba lambobi biyu yake yi, kowacce da nata ƙirgen. Shi ya sa idan wani ya ce maka ai ya danganta da abin da ake nufi, bai yi ƙarya ba, sai dai idan tambayar ita ce wace lamba ta fi girma, to lamba ake magana ba sigar manhaja ba, kuma amsar ɗaya ce. Su ma manhajojin AI daga rubutun mutane suka koyi komai, kuma a cikin rubutun nan 9.11 tana yawan fitowa a matsayin siga ko sashe ko kwanan wata, wannan na daga cikin dalilan da ake kawowa na tuntuɓen da suka yi.

Kuskuren da yake ɓuya

A nan gizo yake saƙar. Masu bincike kan koyar da lissafi sun daɗe suna bibiyar wannan abu, daga cikinsu akwai Kaye Stacey da Vicki Steinle na Jami'ar Melbourne a Ostareliya, waɗanda suka gwada ɗalibai masu yawa suka ga kurakuran ba barkatai suke ba, tsari gare su. Akwai masu ganin doguwar lamba ita ce babba, irin wanda muka gama faɗa. Sannan akwai wasu da suka juya abin gaba ɗaya, su a wajensu gajeriyar lamba ce babba, ka ba su 0.3 da 0.45 su zaɓi 0.3.

Kada ka yi saurin cewa waɗannan na biyun ba su san komai ba, sau da yawa ma sun fi na farko nisa. Yaro ne da aka gaya masa gidan bisa goma ya fi gidan bisa ɗari girma, kuma haka ne, sai ya ɗauka duk lambar da ta tsaya a gidan bisa goma ta fi wadda ta zarce zuwa gidan bisa ɗari, ya manta cewa 0.45 ita ma tana da guntaye huɗu a gidan bisa goman kafin ta zarce. Wani kuma da ya ga 0.3 sai ya tuno ɗaya bisa uku, ya ga 0.4 ya tuno ɗaya bisa huɗu, tunda kuwa sulusi ya fi kwata sai ya ce 0.3 ta fi 0.4. Tunani ne mai kan gado da aka ɗora a inda ba muhallinsa ba.

Abin da ya sa na ce kuskuren yana ɓuya shi ne, mai riƙe da gurguwar doka yana cin tambayoyi da yawa. Ka ba mai ganin doguwa ce babba 0.5 da 0.75, zai ce 0.75, ya ci. Ka ba shi 2.3 da 2.38, ya ci. Ka ba shi 0.42 da 0.67 masu tsawo ɗaya, nan ma ya ci. Malami ya duba takarda ya ga maki mai kyau ya ce yaron nan ya gane, a wuce darasi na gaba, alhali ko sau ɗaya ba a taɓa wajen da ciwon yake ba. Haka zai tafi da abinsa har sakandare har jami'a har wajen aiki, sai ranar da ya haɗu da 13.8 da 13.11 a allon talabijin abin ya fito fili. Shi ya sa manya da yawa suka faɗi tambayar nan, ba mantawa suka yi ba, tun asali ba a gyara ba.

Yadda ake kwatantawa

Fara daga hagu. Duba cikakkiyar lambar tukuna, idan sun bambanta magana ta ƙare, 12.1 ta fi 11.987 komai tsawon jelar da ta biyun take ja. Idan cikakkun sun yi daidai sai ka tsallaka ɗigo ka duba gidan farko. Sun bambanta? To wadda adadinta ya fi a nan ita ce babba, kar ma ka wahalar da kanka da kallon abin da ya biyo baya. Idan sun yi kunnen doki ka matsa gida na biyu, haka har ka samu inda suka rabu. Kamar dai yadda ake jera kalmomi a ƙamus ne, harafin farko da ya bambanta shi yake yanke hukunci, ba tsawon kalmar ba.

Me ya sa ba sai an kalli sauran ba? Ɗauki 0.2 da 0.1999. Ta biyun ta tara tara-tara har uku a bayanta amma duk taron nan bai kai ya cike guntu ɗaya na gidan farko ba, saura 0.0001 ta kai 0.2, kuma da za ka ƙara mata wasu taran guda goma ka tsaya nan ma ba za ta kai ba. Duk abin da yake dama da wani gida, in dai jerin yana da ƙarshe, a haɗe bai kai guda ɗaya na wannan gidan ba.

Akwai hanya ta biyu da malamai da yawa suka fi so, wato a cike da ziro har lambobin su yi tsawo ɗaya. 9.9 ta koma 9.90, sai a ajiye ta kusa da 9.11, kowa ya ga 90 ta fi 11. Hanyar tana aiki ɗari bisa ɗari kuma tana da sauri, masu goyon bayanta suna cewa abin da ake buƙata yaro ya samu amsa daidai kuma ya samu. Masu suka kuma suna cewa hanyar tana mayar da yaro kan tsohuwar ɗabi'arsa ne ta kallon bayan ɗigo kamar cikakkiyar lamba, yana samun amsa amma bai san me ya sa aka yarda a ƙara ziron ba, ranar da ya manta bai cike ba ya koma gidan jiya. Ni ina tare da na biyun amma ba gaba ɗaya ba. A koya masa cikewar, sai dai kafin nan a sa shi ya faɗa da bakinsa dalilin da ya sa 0.9 da 0.90 abu ɗaya ne, cewa tara cikin goma daidai take da casa'in cikin ɗari. Idan ya iya faɗin wannan to ya cike ziro yadda ya ga dama.

Kuma a kula, ba kowane ziro ne na ado ba. Wanda yake can ƙarshen dama bayan ɗigo ba ya canza darajar lamba, 0.5 da 0.50 da 0.500 duk ɗaya ne. Amma wanda ya shiga tsakanin ɗigo da adadi tura adadin yake yi zuwa ƙaramin gida, 0.05 kashi ɗaya cikin goma ce ta 0.5.

Idan lambobin suna da yawa fa?

A ce an ba ka 0.7 da 0.07 da 0.707 da 0.77 da 0.077 aka ce jera su daga ƙarama zuwa babba. Rubuta su a tsaye ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ɗigo a kan saitin ɗigo, wannan saitin shi ne rabin aikin. Duba gidan farko, biyu suna da ziro wato 0.07 da 0.077, sauran ukun suna da bakwai, to ka riga ka san biyun nan su ne ƙanana. A tsakaninsu gida na biyu duk bakwai ne, a na uku ɗaya ba ta da komai ɗaya tana da bakwai, don haka 0.07 sannan 0.077. Koma kan ukun, a gida na biyu 0.77 ce kaɗai mai bakwai, ita ce babbar kowa. Saura 0.7 da 0.707, gida na uku ya raba gardama. Jerin ya zama 0.07, 0.077, 0.7, 0.707, 0.77. Ka ga gajeriyar cikinsu a tsakiya ta faɗo, dogayen biyu kuma ɗaya tana ƙasa da ita ɗaya tana sama.

Lambobin ƙasa da ziro kuma komai juyewa yake yi, -2.45 ta fi -2.5 girma don ta fi kusa da ziro, kamar a ma'aunin sanyi inda -2.5 ta fi sanyi.

Ɗigo ko waƙafi

Wannan rubutun da muke gani kamar tun fil azal yake, an daɗe kafin a daidaita shi. Wani masanin lissafi mai suna Al-Uqlidisi ya yi amfani da guntayen goma-goma a littafin da ya rubuta a Dimashƙu wajajen 952, yana sa 'yar alama a saman adadin gidan ɗaiɗai. Al-Kashi a Samarƙand ya yi cikakken bayaninsu a littafinsa Miftah al-Hisab a 1427. A Turai Simon Stevin ne ya yaɗa su da ɗan littafin da ya fitar a 1585, amma shi lambobi yake sawa cikin da'ira don nuna gida-gida, sai a farkon shekarun 1600 rubuce-rubucen John Napier suka taimaka ɗigo ya samu karɓuwa. Har gobe ba a haɗu a kan alama ɗaya ba, Ingila da Amurka ɗigo suke sawa, Faransa da Jamus da ƙasashe da dama waƙafi, kuma babban taron duniya kan ma'aunai a 2003 ya amince da duka biyun. Ma'ana 1,250 a takardar Bajamushe ɗaya da kwata ce, a takardar mutumin Ingila kuma dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin, don haka idan takarda ta fito daga wata ƙasa a fara sanin wace alama suke bi.

Ina abin ya shafi mutum a rayuwarsa?

A wasanni ana gani ƙarara. A wasan ƙarshe na tseren mita 100 na maza a Olamfik ɗin Faris na 2024, Noah Lyles na Amurka da Kishane Thompson na Jamaika duk allo ya nuna musu daƙiƙa 9.79, sai da aka je gida na uku aka ga Lyles 9.784 Thompson 9.789, zinare ya tafi a kan 0.005 na daƙiƙa. Lokacin da Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022 da 12.12, tarihin da ta karya 12.20 ne na Kendra Harrison. Da za a rubuta tsohon a matsayin 12.2, mai ganin sha biyu ta fi biyu zai ɗauka Amusan ce ta fi daɗewa a hanya, alhali ita ta fi sauri da 0.08.

Wajen magani kuwa abin ya wuce musu, rai ne. Miligiram 0.5 da miligiram 0.25, wanda ya karanta ta biyun da "ashirin da biyar" zai iya ɗauka ita ce mai ƙarfi alhali rabin ta farko ce. Kuma ɗigon kansa yana iya ɓacewa a rubutun hannu, .5 ta koma 5, ko 1.0 ta koma 10, ninki goma kenan a jikin mara lafiya. Shi ya sa hukumar da take tantance asibitoci a Amurka mai suna Joint Commission tun 2004 ta sa abin cikin jerin rubutun da ta hana, ta ce a takardar magani a rubuta 0.5 da ziro a gaba, a rubuta 1 ba tare da ɗigo da ziro a baya ba. Duk mai jinya ko mai ba yaro magani da sirinji mai layi-layi ya kamata ya san wannan, kuma idan lambar ta rikita shi ya koma ya tambayi wanda ya rubuta kafin ya auna.

Haka ɗalibin da aka ce sai matsakaicin makinsa ya kai 3.5 shi kuma yana da 3.45, bai kai ba, saura 0.05. Haka mai karanta takardar yarjejeniya da aka rubuta kashi 2.5 a wani waje da kashi 2.25 a wani, haka mai duba sakamakon gwajin jini yana son sanin ko lambarsa tana cikin iyakar da aka rubuta a gefe.

Ga iyaye da malamai da suke son sanin inda yaro ya tsaya, kar a ba shi lambobi masu tsawo ɗaya, ba za su nuna komai ba. A ba shi 0.8 da 0.75, idan ya zaɓi 0.75 tsawo yake bi. Idan ya ci a ba shi 0.6 da 0.65, idan ya zaɓi 0.6 gajarta yake bi. Idan ya ci duka biyun sai a ce ya kawo lamba ɗaya da take tsakanin 0.3 da 0.4. Wanda har yanzu yake kallon bayan ɗigo kamar cikakkiyar lamba zai ce babu, don ba komai tsakanin uku da huɗu. Wanda ya gane gidajen zai ce 0.35, kuma idan ka ce ya ƙaro wata tsakanin 0.35 da 0.36 zai ba ka 0.355 ba tare da ya yi dogon tunani ba.